Wasiƙa: A duba ruwan da ake shayar da dashe a Sakkwato kafin a ƙirga yawansa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ya aiki ya kuma zafi, don mu nan Sakkwato ba a magana. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya shafi sana'armu ta renon dashe, wanda duk surutun da ake yi kan shuka itatuwa ko wace shekara ban ji ana taɓo shi ba.

Da damina ta kama za ka ji an raba dashe dubu kaza, manya sun riƙe shebur an ɗauki hoto an watse, bayan ƴan watanni ka bi ta wurin sai sanduna da guntayen leda. Sai a ce awaki ne, ko gara, ko ba a samu mai ba da ruwa ba. Duk wannan akwai, ban musa ba. Amma ni da nake cikin sana'ar ina gaya maka da yawa daga cikin dashen nan da ciwonsu suka baro lambu, kuma a ruwan da aka shayar da su suka kwashe shi.

Ga yadda abin yake. Ruwan saman da muke samu a shekara galibi tsakanin milimita 600 zuwa 700 ne, kuma daga Yuni zuwa Satumba an gama, sauran watannin duk da hannu muke shayarwa. A Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, ledar da ka jiƙa da safe kafin la'asar ta bushe ƙayau sai ka sake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 tayar da injin ban ruwa ya zama sai an yi lissafi, masu lambu a cikin gari kuma wasu a hannun ƴan ga-ruwa suke saye jarka-jarka. Waɗanda ke bakin gulbi irin su Kwalkwalawa da Wamakko da Wurno da ƙasan madatsar Goronyo suna da ɗan sauƙi, amma su ma da bazara ta yi nisa sai sun bi ruwa da dogon tiyo. Saboda haka mutane suka koyi dabara, a haƙa kwarmi a gangaren lambu, wani ya shafe da siminti wani ya shimfiɗa tamfol, duk ruwan da ya tsiyaye daga ledoji da fangula ya gangara can, gobe a ɗebo a sake shayarwa. Ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, hasali ma wanda ke barin ruwa na malala a titi a garin nan shi ya kamata a yi wa faɗa. Ko a Holan da ruwa ya yi musu yawa haka manoman rumfunan gilashi suke maimaita ruwansu. Bambancin kawai su suna kashe cutar da ke ciki kafin su mayar, wasu har dafa shi suke zuwa digiri 95 na daƙiƙa 30, mu kuwa yadda ya gangara haka muke ɗebo shi.

To mi ke dawowa a cikin ruwan? Manyan masu ɓarna guda biyu ne, malaman gona na kiran su Fitiyam da Fitoftora. Ba a ganin su da ido, kuma abin da ya sa suka fi sauran haɗari a wurinmu shi ne ƴaƴansu iyo suke yi, suna da ɗan bindi da suke kaɗawa a cikin ruwa har su iske saiwa su manne. Leda ɗaya mai ciwo a can saman lambu ta ishi kowa, ruwanta ya gangara kwarmi, kai da kanka ka ɗebo da buta ka raba wa sauran dubu. Kwarmin ya zama moɗa ɗaya a bakin randa, mai mura ya sha mai lafiya ya sha. Kuma akwai irin Fitiyam ɗin da zafi ne abincinsa, ruwa mai ɗumi a kwarmi marar zurfi cikin Afrilu shi yake so.

Duk mai renon tumatir ko tattasai ko albasa ya san wannan ko bai san sunan ba. Ka zuba iri ya tsiro gwanin sha'awa, kwana kaɗan ka zo da safe ka tarar wani gefe na fangali ya kwanta, in ka tsugunna ka ɗaga ɗaya za ka ga ganyen lafiya lau kore shar, amma daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya jiƙe ya tsuke ya sirance, ba ya iya ɗaukar kansa. Washegari wurin ya ƙara faɗi. A itatuwa kuwa abin ya fi ɓoyuwa, shi ya sa na fi jin tsoronsa. Ka yaga ledar mangwaro ko lemu ko gwaiba ka wanke ƙasar a bokiti ka duba. Saiwa mai lafiya bakinta fari ne tas, tana da ƙarfi, da ƙananan gashi ko ta ina. Mai ciwo ta yi ruwan ƙasa ko baƙi, ƙananan sun ƙare, in ka kama ta da yatsu biyu ka ja sai ɓawon ya sulluɓe a hannunka ya bar ɗan zaren tsakiya, wani lokaci har da warin ruɓa. Amma ka kalli saman itacen, ganye na nan, mai saye ba zai taɓa ganewa ba. A inuwar lambu ana ba shi ruwa safe da yamma zai iya lallaɓawa da rabin saiwa, ran da aka kai shi fili a Gada ko Illela ko Tangaza rana ta buge shi sai ya sheƙa. Lemu kuma in ya tsira ya girma sai ka ga gindinsa na tsagewa yana fitar da ƙaro, wannan ma aikin Fitoftora ne, kuma yanzu ta shiga ƙasar gonar wanda ya saya da kuɗinsa, ta zauna.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne. Ƴar gidan su Fitoftora ɗin nan ce ta cinye dankalin ƙasar Ailan daga 1845, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ita ce kuma ke addabar masu dankalin turawa a Filato. Wata ƴar'uwarta ta kashe miliyoyin itatuwa a Kalifoniya tun daga shekarun 1990, kuma a 2004 aka gano an yi ta tura dashe masu ɗauke da ita daga wurin reno zuwa jihohin Amurka da dama. Su da ke da masu bincike da dokoki kenan. Gona in ta kamu ta mai ita ce kawai, amma wurin reno in ya kamu sai ya loda ciwon a mota ya rarraba wa jiha guda.

Akwai kuma ciwon da ke sa tumatir ya yi yaushi farat ɗaya yana kore, shi ma yana bin ruwa. Gane shi ba wuya, yanke karan ka tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa garau kada ka motsa, in ka ga wani farin abu yana zubowa daga yankan a hankali to shi ne, tuge ka ƙona kawai don ba feshin da zai tashe shi. Sai ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa da gwaiba ta yi ƙulli-ƙulli, su ma laka ce motarsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake tarar matsalar. Mutum ya ga dashe ya yi yaushi sai ya ce ƙishi ne ya ƙara ruwa, daga kwarmin nan dai, alhali saiwar ce ta ruɓe ba ta iya sha. Da bai ga sauƙi ba sai ya tafi kasuwa, mai shago ya miƙo masa maganin ƙwari, abin da ba ƙwaro ba. Wanda ya ɗan waye ya sayo Ridomil ya zuba, ganye ya miƙe, to amma irin wannan magani danne ciwon yake yi ba kashe shi ba, kwanaki kaɗan bayan an sayar ƙarfinsa ya ƙare ciwo ya farka a gonar wani. Wanda ya yi haka bai sani ba Allah ya yafe mana, amma wanda ya sani ya yi don kaya su fita, wallahi algus ne, ba shi da bambanci da sauran algus da malamai ke wa'azi a kai.

Ban da ciwo akwai gishiri. Ko wane zagaye da ruwa ya yi rana ta shanye wani abu ta bar gishirin, ga ragowar yuriya da kamfa da ya wanko, a hankali sai ka ga farin ɓawo a bakin leda da saman ƙasa, bakin ganyen mangwaro ya ƙone ya yi ja, dogon yaro dai ya daure don shi ba ya jin komai. Wannan ba tacewa ba magani, sai dai a surka da sabon ruwa ko a kwashe kwarmin lokaci-lokaci. Kuma in kwarmin ba a shafe yake ba kuma kusa da rijiyar da ake sha, takin nan yana tsiyaya ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret, sinadarin da takin ke bari, a ruwan sha miligiram 50 a lita saboda jarirai. Sai maganin ciyawa, yaro ya gama feshi ya zo bakin kwarmi ya wanke famfon feshin ya tuttular a ciki, mako ya zagayo ganyen tumatir ya murɗe kowa na tambayar ko sammu ne. Maganin ciyawa na Farakwat ma da NAFDAC ta sa cikin jerin waɗanda aka hana har yanzu ba a rasa shi a ƙauyuka.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu lambun bakin titi a cikin gari da ke tare kwata su ɗebi ruwanta. Ruwan nan daga gidan wanka yake, daga wurin wankin mota, daga garejin makanikai da baƙin mai da ruwan batir, daga mahauta. In fulawa ce ta ado ko dogon yaro to da sauƙi, amma na sha ganin an ja fangali biyu a gefe an zuba latas da alayyafo da yakuwa da wannan ruwa, latas kuwa ɗanye ake ci. Kano ta riga mu shiga wannan, duk wanda ya san Jakara ya san irin ruwan da ake noman rani da shi, ga na masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa mai gubar kuromiyam. Mu kuma maƙwabtan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba bayan abin da ya faru a 2010 a yankin Anka da Bukkuyum inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga haƙar zinari ne, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai dalmar, kuma ba tafasawa ba kulorin da ke fitar da ita daga ruwa. Irin wanga ruwa ba na gyara ba ne, na bari ne.

Na kwarmin lambu kuwa yana gyaruwa, kuma ba sai da kuɗin Turawa ba. Abu na farko ma ba a ruwan yake ba, ɗaga ledoji daga ƙasa. A jera su kan tsakuwa ko bulo ko katako yadda ruwan da ya fito daga wata ba zai kwanta a gindin wata ba. Duk wadda ta nuna alama a fitar da ita daga layi ran nan, da ita da ƙasarta, kada a juye ƙasar a sake cika wata leda don tsimi. Dashen da aka sayo daga wani wuri, musamman waɗanda ake kawowa daga kudu a mota, a ware su gefe ƴan makonni kuma kada ruwansu ya gangara kwarmi.

Sannan kwarmi ɗaya bai isa ba, a yi biyu. Na farko shi ke karɓar ruwa laka ta kwanta, ya tsiyaya ta sama zuwa na biyu, daga na biyun ake ɗiba. Bakin tiyo kada ya taɓa ƙasan kwarmi inda laka take, kada kuma ya tsaya a sama cikin gansakuka, a ɗaure shi da jarka marar komai ya rataya a tsakiya, kuma can nesa da inda ruwa ke shigowa, don ƴaƴan cutar nan masu iyo ba su da dogon rai, in ruwa ya daɗe kafin ya iso tiyo da yawansu sun mutu a hanya. In ruwan ya yi dagwalo a sa alam, ko a daka ƙwayar zogale busasshiya a dama a zuba, matan bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwa da ita, mu kuma ga zogale ko wane gida.

Matatar yashi ita ce na fi so mutane su gwada, don ba ta cin mai ba ta cin magani. Tun 1829 aka fara tace ruwan shan Landan da ita, daga baya masu bincike a Jamus suka nuna tana tare Fitiyam da Fitoftora a ruwan lambu. Tanki ne ko ginin bulo, tsakuwa a ƙasa, lallausan yashi wankakke a sama mai kauri kusan mita ɗaya, ruwa ya tsaya a kai yana tsiyaya sannu a hankali, lita 100 zuwa 300 a awa a kan ko wane murabba'in mita, kuma gwargwadon jinkirin tsiyayar gwargwadon kyan tacewar. Ba yashin kaɗai ke aikin ba, wani ɗan yauƙi ne ke taruwa a samansa bayan makonni, a cikinsa akwai ƙananan halittu masu cinye cutar. Saboda haka kada a bari ya bushe, kuma kada wani mai tsafta ya zo ya kankare shi kullum, sai in ya toshe a yaye ɗan sama-sama. Yashi kuwa in ban da Sakkwato ina.

Wanda ke da gaggawa ga kulorin, wato Hypo ko Jik ɗin da ke shago. Abin da ake so ya rage a ruwan lokacin da zai fita tiyo kamar miligiram 2 ne a lita. In ƙarfin na kwalbar kashi 3.5 cikin ɗari ne, duro mai lita 200 na ruwa garau yana buƙatar wajen mililita 12, cokalin shayi biyu da ɗan ƙari kenan, a motsa a bar shi kamar rabin awa. Na ce ruwa garau fa, don in da laka da ganye su za su cinye kulorin ɗin tas cutar na zaune, haka in an riga an dama taki a ciki. In kuma aka kwarara da yawa ƙananan tsiro za su ƙone. Akwai ƴar takardar gwaji da ake tsomawa ta canza launi, masu gidajen fiya wata sun san ta. Almakashi da wuƙar auren itace da tirori kuma a jiƙa su a kashi ɗaya Hypo kashi tara ruwa, a ɗauraye.

Ƙasar cika leda ma zafin da muke kuka da shi zai iya gyara ta kyauta. A baje ta, a jiƙa, a rufe da farar leda mai shara-shara ba baƙa ba, a danne gefuna da ƙasa a bar ta mako huɗu zuwa shida a Afrilu da Mayu. Wani masani Yaakov Katan ne ya fito da dabarar a 1976 a Isra'ila, kuma ranarsu ba ta kai tamu ba. In duk wannan ya gagara to aƙalla a raba ruwa, na rijiya ko burtsatse a ba fangalin iri da sabbin aure, na kwarmi a ba manyan itatuwan da suka yi ƙwari.

Wani abu kuma da ba na so in tsallake, yaran da muke ɗauka aikin shayarwa. Su ke shiga kwarmi har gwiwa da buta biyu, babu takalmin roba. Ruwan da aka jawo daga gulbi yana zuwa da katantanwa, katantanwar nan ita ke ɗauke da tsargiya, kuma duk wanda ya taso a bakin gulbin Rima ya san yaro mai fitsarin jini. Ga sauro da ke ƙyanƙyasa a ciki. A yi matakala ko a sa ɗan famfo, a rufe kwarmin, kuɗin bai kai na asibiti ba.

Yanzu ga roƙona ga masu sayen dashe da yawa, ma'aikatar muhalli da ta gona, hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai shuka itatuwa don tare hamada, da Sakkwato ke cikin jihohi 11 da take aiki, shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a yankunan ƙarancin ruwa, ƙungiyoyi da ƴan siyasa masu rabo. Ku ne kasuwa, abin da kuka tambaya shi za mu gyara. In dai tsawon dashe da yawansa da arharsa kawai ake tambaya to su za a kawo muku. A sa a cikin sharaɗin kwangila cewa kafin a biya za a zaɓi ledoji daga tsakiyar lodi, ba waɗanda mai kaya ya miƙo ba, a yaga a wanke a duba saiwa a gaban kowa, a kuma je lambun a ga inda ruwansa ke fitowa da inda yake komawa. Kuma a je tun Afrilu lokacin da ake reno, ba Yuli ba da mota ta riga ta tsaya a ƙofa.

Malaman tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejin gona ta Wurno su ma ina roƙon su, a samar mana da wurin da ƙaramin mai lambu zai kai ruwa a gora a auna masa gishiri da cuta a kuɗin da zai iya biya, a kuma gina matatar yashi ko guda ɗaya a inda za mu je mu gani da ido mu auna da taku mu kwaikwaya. Kafin nan akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, ka cika ledoji da ƙasar da ka gasa a rana, ka shuka kokwamba a duka, rabi ka riƙa ba su ruwan kwarmi rabi ruwan rijiya, kokwamba ba ta da juriyar Fitiyam ko kaɗan, cikin mako biyu za ta gaya maka abin da ke cikin kwarminka.

Malam Edita in da hali ka turo wakilinku ya zaga lambunan dashen garin nan kafin damina, ya ce a yaga masa leda ya gani, kuɗin ledar ni zan biya. Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Wani mai renon dashe,
Sakkwato.